Kayan Ɗaukar Buhuna a Sito: Wanne Ya Dace da Ƙauyenmu?

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa sauke taki daga mota ya san wahalar. Buhun taki kilo 50 ne, na hatsi kuwa yakan kai kilo 100. Ciwon baya da yawa daga nan yake farawa. Bari mu duba kayan da ake amfani da su a manyan ɗakunan ajiya, mu ga wanda zai yi mana amfani.

Dandamalin katako. Shi ne tushen komai. Tsawonsa yakan kai mita 1.2, faɗinsa mita 1. Ana jera buhuna a kansa don kada su taɓa ƙasa. Akwai rata a ƙarƙashinsa inda ake zura ƙarfen ɗagawa.

Jak na hannu. Yana da ƙarafa biyu masu taya. Ana zura su ƙarƙashin dandamali, a yi famfo da hannu, kaya su ɗan tashi. Mutum ɗaya zai iya jan tan 2, wato buhun taki 40. Amma sai a daɓen siminti mai santsi. A kan rairayi ba ya motsi.

Motar ɗaga kaya. Tana ɗora dandamali cike da kaya a kan babbar mota ko kanta mai tsawo. Mai amfani da man dizal tana fitar da hayaƙi mai haɗari a rufaffen ɗaki. Mai batir kuma tana bukatar lantarki. Dole direbanta ya sami horo.

Na'urar zaɓo kaya. Wannan mutumin take ɗagawa sama, ya ɗauko kwali ɗaya-ɗaya daga kanta. Ta manyan kamfanoni ce.

A ƙauye, baro da kura da amalanke sun ishe mu. Amma dandamali kam, kada mu rasa shi. Kafinta zai iya haɗa mana. Yana kare hatsi daga danshi da gara, kuma a yankinmu akwai wani dalili mafi girma.

A shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A Bagega sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aka zuba mai tsabta, sannan likitocin MSF suka fara yi wa yara magani. Ƙurar dalma ba ta ruɓewa. Tana maƙalewa a baro, a buhu, a daɓe, daga nan ta shiga tuwo.

Saboda haka:

1. Baron da ya ɗauki dutsen zinariya kada ya ɗauki hatsi.
2. Kada a zuba abinci a buhun da ya fito daga wurin haƙa.
3. A jera buhuna a kan dandamali, nesa da bango.
4. Buhu mai kilo 100, mutum biyu su kama.

Kwamitin sito da zumuntar mata su tattauna wannan kafin kaka. A shafa wa baron abinci fenti, kowa ya gane shi.