Farautar babban kifin tirawut a tafkunan dajin Maine da mota ba ta zuwa

A arewacin jihar Maine da ke Amurka, daf da iyakar Kanada, akwai tafkunan da babu hanyar mota zuwa bakinsu. Mai son jefa ƙugiya a cikinsu sai ya bi titin burji na masu saran katako na tsawon awanni, ya ajiye mota inda hanya ta ƙare, ya saɓa kayansa ya kutsa daji da ƙafa. Wani ma da kwale-kwale a ka.

Abin da ke jawo su shi ne wani kifi da ake kira tirawut ɗin rafi. A yawancin ƙoramun gabashin Amurka da kyar yake kai tsawon taƙi ɗaya. Amma a wasu daga cikin waɗannan ɓoyayyun tafkuna yakan kai inci 18, wato kusan rabin mita, ya haura kilo ɗaya a nauyi.

Abin da zai ɗaure wa baƙo kai shi ne, da yawa daga cikin masu shan wannan wuya, idan sun kama shi, sai su zare ƙugiya su mayar da shi ruwa.

Kifi mai ado

Duk wanda ya taɓa riƙe shi, launinsa yake fara ambata. Bayansa kore ne mai duhu, da zane-zane kamar sawun tsutsa a kan yashi. A gefensa akwai jajayen ɗigo, kowanne da shuɗin da'ira kewaye da shi. Fikafikan cikinsa ja ne da farin baki. Idan kaka ta yi, lokacin zuba ƙwai, cikin namijin kan rine ya koma ruwan lemo mai ƙuna.

Ɗan asalin gabashin Amurka ta Arewa ne. Ya shiga ruwayen Maine bayan janyewar ƙanƙarar da ta lulluɓe yankin fiye da shekara 10,000 da suka wuce, kuma akwai tafkunan da har yau jikokin waɗancan kifaye na farko ne a ciki, ba a taɓa zuba musu kifin kiwo ba.

Sai dai kifi ne mai tsada wajen rayuwa. Yana buƙatar ruwa mai sanyi da tsabta. Da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyos ya fara jigata, idan ya kusa 25 kuma ya daɗe a haka, sai mutuwa. Wannan ne ya sa saran daji da gina madatsu da faɗaɗa birane suka kore shi daga wurare masu yawa a jihohin gabas, ya koma ƙananan ƙoramun kan duwatsu.

Maine ce ta tsira da kaso mafi tsoka. Daji ya rufe kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasarta, tana da tafkuna kimanin 6,000 manya da ƙanana, kuma mafi yawan tafkunan da suka rage a Amurka masu ɗauke da wannan kifi na asali a cikinta suke.

Hanyar zuwa

Yawancin dajin arewacin Maine ba na gwamnati ba ne. Wani yanki da ya kai eka miliyan 3.5 mallakar kamfanonin katako ne da wasu iyalai, kuma mai shiga sai ya tsaya a shinge, ya rubuta sunansa, ya biya kuɗi. Babbar hanyar da ke ratsa shi, Golden Road, ta tashi daga garin Millinocket zuwa iyakar lardin Quebec, tafiyar kusan kilomita 150, galibinta ba kwalta. A kan wannan hanya manyan motocin gungume ne masu iko. Wanda ya hango ƙurarsu, shi zai kauce.

To ta yaya talaka ke kama kifi a dajin wasu? Wata tsohuwar doka ce tun zamanin mulkin Ingila a shekarun 1640 ta ba shi dama. Duk tafkin da Allah Ya halitta wanda ya wuce eka 10 na jama'a ne, kuma mutum na da 'yancin ratsa dajin da ba a gyara ba da ƙafa domin ya isa gare shi.

A ɗaya ɓangaren kuma, hukumar tsara filaye ta jihar ta ware wasu tafkuna a matsayin na nesa, ta hana kai hanyar mota kusa da su ƙasa da rabin mil, kimanin mita 800. Nisan ba wani abin a zo a gani ba ne a takarda. Amma ga mai ɗauke da kwale-kwale a cikin taɓo da saiwoyi, ya isa ya rage yawan masu zuwa ƙwarai.

Masu hali kan ɗauki hayar ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa daga garin Greenville da ke bakin tafkin Moosehead. A gandun Baxter kuwa, wanda tsohon gwamna Percival Baxter ya saya da kuɗinsa ya bai wa jihar kaɗan-kaɗan tun daga 1931, akwai kwale-kwalen haya da aka girke a bakin wasu tafkuna, mutum ya karɓi mabuɗi wurin ma'aikatan gandun ya taka zuwa can.

Ba a maganar wannan tafiya a bar baƙaƙen ƙudaje. Daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni, daidai lokacin da kifi ya fi cin ƙugiya, suke fitowa dubbai, su ciji wuya da bayan kunne har jini. Masu zuwa kan rufe kai da raga kamar masu ɗiban zuma.

Yadda ake kama shi

Ƙanƙara kan narke daga tafkunan arewa tsakanin ƙarshen Afrilu da tsakiyar Mayu. A makonnin da ke biyo baya ruwan duk da sanyinsa, don haka kifin na yawo kusa da gaɓa, yana farautar matsattsaku da 'ya'yan mazari da sauran ƙwarin ruwa.

A tafkuna da dama doka ba ta yarda a sa wa ƙugiya tana ko wani koto mai rai ba. Abin da ake amfani da shi koton roƙo ne: ƙugiyar da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. Ba ta da nauyi, igiyar ce ke da nauyin da ke kai ta nesa, shi ya sa mai fatsa ke kaɗa sanda gaba da baya kafin ya saki.

Lokacin da kowa ke jira shi ne ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. A tafkuna masu laka a ƙasa, wani babban ƙwaro mai fikafikai, mai kama da shinge amma ya fi shi girma, yakan ƙyanƙyashe ya taso saman ruwa da almuru. A ɗan wannan lokaci, kafin duhu ya rufe, manyan kifayen da suka wuni a ƙasa sukan taso su riƙa lashe shi. Mutum na iya wuni cur a kwale-kwale bai ji ko motsi ba, sannan ya samu rabonsa cikin minti talatin. Yana kuma iya zuwa ranar da iska ta taso, ƙwaron ya ƙi fitowa, ya koma gida hannu rabbana.

Idan zafi ya kankama a Yuli da Agusta, saman ruwa ya ɗumama, kifin kan taru a wuraren da idon ruwa mai sanyi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan tafki. Wanda ya san irin wannan wuri ba ya faɗa ko da aboki ne. A nan ne kuma ake gane mai kishin abin: kifin da aka sha kokawa da shi a ruwa mai ɗumi, ko an sake shi, sau da yawa ba ya rayuwa. Don haka wasu kan ajiye sanda gaba ɗaya har sai Satumba.

Me ke sa shi girma?

Amsar ba ta da wuya. Abinci, da shekaru, da rashin kishiya.

Tirawut ɗin rafi ba ya daɗewa a duniya. A ƙorama da wuya ya wuce shekara uku zuwa huɗu. A tafki mai kyau yakan kai biyar ko shida, kuma waɗannan tsofaffin su ne manyan da ake nema. Ba su da yawa. Mutum biyu da suka kwana uku suna cika jaka na iya kwashe manyan ƙaramin tafki kaf, a ɗauki shekaru kafin wasu su maye gurbinsu. Saboda haka ne a wasu tafkunan doka ta ce kifi ɗaya tak a rana, kuma sai ya kai inci 18. A wasu ma ba a ɗaukar ko ɗaya.

Mafi girman da aka taɓa rubutawa a duniya ba daga Maine ya fito ba. Wani likita mai suna Cook ne ya kama shi a kogin Nipigon da ke lardin Ontario na Kanada, fiye da shekara 100 da suka wuce, nauyinsa kusan kilo 6.6. Har yau babu wanda ya karya wannan tarihi.

Bokitin da ke kashe tafki

Babban makiyin wannan kifi ba ƙugiya ba ce. Bokiti ne.

Tirawut ɗin rafi ya saba zama a ruwan da nau'in kifi kaɗan ne a ciki, kuma ba ya iya gogayya da baƙi. Idan mai fatsa ya zo da ƙananan kifaye masu rai a bokiti domin koto, ya gama ya juye ragowar a tafki don kada ya sha kaya a komawa, to ya shigo da baƙo ke nan. Cikin 'yan shekaru baƙon kan hayayyafa, ya cinye abincin ɗan gida, wani lokaci har da 'ya'yansa. Wasu kuma da gangan suke zuba irin kifin da suke sha'awa.

Maine ta ga wannan tun da daɗewa. A ƙarni na 19, tafkunan Rangeley da ke yammacin jihar sun shahara da manyan tirawut, masu kuɗi na tahowa daga Boston da New York dominsu. Abincin waɗannan ƙattai wani ƙaramin ɗan uwansu ne mai shuɗin baya. Aka riƙa kwasarsa da raga lokacin zuba ƙwai, aka kuma zuba kifin salmon da wani siririn kifi mai suna simelt a tafkunan. Zuwa farkon ƙarni na 20 mai shuɗin bayan ya ɓace daga Rangeley, girman tirawut ɗin ma ya ja baya. Lokacin da Carrie Stevens, matar da ta yi suna wajen ɗaura koton gashin tsuntsu, ta kama mai kilo uku da ɗoriya a can a 1924, abin ya zama labari.

A baya-bayan nan kuma, kifin bas da wasu suka zuba ba bisa doka ba a tafkin Umbagog a shekarun 1980 ya haura zuwa kogin Rapid, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi suna da manyan tirawut a ƙasar.

Gyaran irin wannan ɓarna yana da tsada, kuma ba shi da daɗin gani. Tafkin Big Reed, can cikin wani tsohon dajin da ba a taɓa sara ba, ya samu baƙuncin simelt, kifayen asali suka kusa ƙarewa. Masana na sashen kula da kifi da namun daji na jihar suka kama waɗanda suka rage na tirawut da mai shuɗin baya, aka kai su wurin kiwo. A watan Oktoban 2010 aka zuba wa tafkin maganin rotenon, wanda ke kashe duk kifin da ke ciki. Daga 2011 aka fara mayar da 'ya'yan waɗanda aka ceto. Sai a 2017 aka tabbatar mai shuɗin bayan ya koma hayayyafa da kansa a tafkin.

Matakan da aka ɗauka

A 2005 majalisar jihar ta ayyana tirawut ɗin rafi a matsayin kifin gado, ta haramta zuba kifin kiwo da amfani da koton kifi mai rai a tafkunan da ba a taɓa zuba musu wani kifi ba. Daga baya aka faɗaɗa dokar zuwa waɗanda suka shekara 25 ba a zuba musu ba. Yanzu tafkuna fiye da 500 ne ke cikin jerin. Daga 2020 kuma haramcin koton kifi mai rai ya zama doka ta gama-gari a shiyyar arewa, in ban da ruwayen da aka keɓe. Tarar zuba kifi ba da izini ba na iya kai wa dala 10,000.

Ba kowa ya yi murna ba. Masu sayar da koto da masu fasa ƙanƙara su yi fatsa da hunturu sun ga an taɓa musu sana'a da al'ada. Kuma gaskiyar magana, doka ba ta da ido a dajin da ma'aikaci ɗaya ke kula da yanki mai faɗin gaske. Wanda ya juye bokiti da magariba, da wuya a taɓa sanin shi ne.

Akwai ma tafkunan da hukuma ba ta san abin da ke cikinsu ba. A 2011 sashen ya haɗa kai da ƙungiyoyin Maine Audubon da Trout Unlimited, suka riƙa tura masu fatsa 'yan sa-kai zuwa ɗaruruwan tafkunan da ba a taɓa bincika ba, su dawo da rahoton abin da suka gani. Inda aka ga alamar tirawut, sai masana su bi da raga su tabbatar, tafkin ya shiga layin samun kariya. Wasu tsofaffin hannu na ƙorafin cewa hakan tona asirin wuraren da suka shekara suna ɓoyewa ne.

Ranar 30 ga Satumba ake rufe kamun kifi a yawancin tafkunan arewa. Bayan nan kifin kan matso gaɓa, macen ta share tsakuwa da jelarta a daidai inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ta zuba ƙwai ta rufe. Ƙwan kan kwana a nan ƙarƙashin ƙanƙara tsawon hunturu, ya ƙyanƙyashe kafin ta narke.