Ja, Kore Da Ruwan Lemo: Direbobin Gema Na Gane Alamun Cunkoso Kuwa?

Duk wanda ya san Paraku ya san Gema, unguwar nan da ke kan hanyar arewa, wadda mai zuwa Ndali da Kandi da Malanbil ba ya rasa ratsa ta. Ga kasuwa a bakin kwalta, ga 'yan kabu-kabu da ake kira zem, ga kuma manyan motoci ɗauke da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Tun da layin dogo mai tsawon kilomita 438 ya iso Paraku a 1936 ya tsaya nan, aka riƙa sauke kayan Nijar daga jirgi ana ɗora wa kamiyo, garin ya zama na direbobi. Ta yamma kuma hanyar Jugu ce, tafiyar kimanin kilomita 135. Saboda haka zancen cunkoso a nan zancen kuɗi ne, musamman ga mai albasa ko tumatir ko dabbobi, wanda kwana guda a kan hanya kan cinye masa riba.

A ƙasashe irin su Faransa da Jamus akwai alluna masu aiki da lantarki da ake rataye wa bisa manyan hanyoyi, rubutunsu na canjawa gwargwadon halin da hanya take ciki. Wani ya nuna hoton motoci uku a jere cikin alama mai kusurwa uku, wani ya rubuta mintocin da suka rage a isa wuri kaza, wani kuma ya kunna jan gicciye a kan layin da aka rufe, da koriyar kibiya a kan wanda ke buɗe. A wajenmu kuwa, allon da ya riga shiga hannun direba shi ne na wayar salula, wato taswirar Google Maps da ke shafa wa hanya launi: kore idan tana tafiya, ruwan lemo idan ta fara nauyi, ja idan ta cushe, ja mai duhu idan ta tsaya cik.

To, ana ganewa kuwa? Launi dai ba shi da wuya, don kowa ya saba da danja. Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu da lamba. Alal misali, kalmar da allunan Faransa ke amfani da ita wajen cunkoso ita ce "bouchon", wadda asalin ma'anarta murfin kwalba ne. Direban da ya tashi da Dandanci ko Barbanci ko Hausa, wanda karatunsa na allo ne, Faransancinsa kuma na duwan da ɗan sanda ne, shi gosulo ya sani. Ko da ya iya haɗa baƙi, lokaci ba ya jiransa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, kafin ya kai ƙarshen layi na biyu ya riga ya wuce allon. Haka nan lamba. Idan ya hango 15 da hasken wuta, mintoci ne, ko kilomita, ko kuwa iyakar gudu? Abin da ke bambanta su shi ne ƙananan haruffan da ke gefe, ko jan da'irar da ke kewaye da lambar, su ne kuma ido ya fi saurin tsallakewa. Kada a manta akwai mazan da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai, wasunsu ma ba su san suna da wannan lalura ba.

Amma a ganinmu babbar matsalar ba ta karatu ba ce. Ita ce yawan yarda da abin da waya ta nuna ba tare da sanin inda ta samo labarin ba. Taswirar ba ta da ido a kan hanya. Saurin wayoyin da ke cikin motoci take aunawa, idan ta ga da yawa suna jan ciki sai ta shafa ja. A 2020 wani mutum mai suna Simon Weckert ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin amalanke ya ja su a titunan Berlin na Jamus, sai ga taswira ta nuna cunkoso a titin da babu kowa. Idan haka ta faru a Turai, ina ga tsakanin Kandi da Malanbil, inda direba kan kashe intanet don tattalin kuɗi? Inda wayoyi suka yi ƙaranci, labari ma ƙaranci yake yi. A cikin gari kuma, ɗan zem kan kutsa tsakanin motoci da wayarsa a aljihu, hanya ta yi kamar tana tafiya alhali kamiyo ko motsi bai yi ba.

Bugu da ƙari, ja ba ya faɗin dalili. Cin kasuwa ne a Gema, wanda zai watse da la'asar? Layin biyan kuɗin hanya da awo ne a Sirarou? Motar auduga ce ta kife a lokacin kaka? Kowanne da irin haƙurin da yake bukata, kuma mai kayan gwari ba daidai yake da mai siminti ba.

Idan mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa aka rufe iyaka, ɗaruruwan manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, kaya suka lalace a kansu. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ɓangaren Nijar bai buɗe gadar Gaya ba a lokacin, aka koma tsallaka mutane da kaya da kwale-kwale, wasu motocin kuma suka koma bin Togo da Burkina Faso. Wannan shi ne cunkoso mafi tsada da 'yan kasuwar wannan hanya suka gani a shekarun nan, kuma ba launin waya ne ya ba su labarinsa ba. Rediyo ne da saƙon murya na WhatsApp daga 'yan'uwa direbobi. Dama can haka abin yake. A zamanin fataucin goro, lokacin da ayari kan taso daga Kano ya bi ta Nikki da Jugu zuwa Gwanja, madugu ba ya tashi sai da jagaba wanda ya san hanya da abin da ke cikinta.

Idan har hukuma za ta kafa irin waɗancan alluna a wannan hanya, to amfaninsu na ga wurin da direba ke da zaɓi. A Dasa, mai zuwa Jugu na iya bi ta Sabalu da Basila maimakon ta Paraku. A Ndali ana iya karkata gabas zuwa Nikki da iyakar Nijeriya, a Kandi kuma akwai hanyar Segbana. Allon da aka kafa bayan an wuce mararraba kuwa ihu ne bayan hari. Sannan hoto ya fi rubutu, kalma biyu sun fi biyar, kuma ya kamata cibiyar kiyaye haɗurra ta CNSR da masu koyar da tuƙi su bayyana ma'anar alamun a tashoshi da gidajen rediyo cikin Dandanci da Barbanci da Fulatanci da Hausa, tun kafin a kunna su.

Kafin nan, mai kayan da zai yi lodi a kasuwar Arzeke ko a Jugu, yana da kyau ya duba wayar tare da direbansa, ya tambaye shi abin da ya fahimta. Idan taswira ta nuna ja a gaba, a buga wa wani na Ndali ko Kandi waya a ji dalili. Idan kuma ta nuna kore tun daga Gema har bakin gada, nan ma a buga.