ABINCI NAWA YA KAMATA MAI SON RAGE ƘIBA YA CI A YINI?

Akwai wani ciwo da ke bin mai aikin zama, watau akawu da malamin makaranta da sauran ma'aikatan ofis, wanda ba a cika ɗaukarsa ciwo ba sai ya yi nisa. Yaro ya tashi a ƙauye yana noma, yana kiwo, yana zuwa kasuwa a ƙasa, ya ci tuwo malmala uku ya tashi garau. Ya yi karatu, ya ajiye fartanya ya ɗauki alƙalami, amma malmalar nan uku tana nan ba ta ragu ba, har ma an ƙara mata nama da mai da shayi mai sukari. Kafin a yi shekara 10 sai ka ga tumbi ya fito, riga ta matse, 'yan'uwa suna cewa wane ya sami hutu. Alhali kuwa likitoci sun tabbatar ƙiba mai yawa tana jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa.

Da yawa in sun farga sai su ɗora wa kansu horon yunwa, su yi mako biyu ko uku suna fama, sa'an nan su koma wa akushi da ƙarfin da ya fi na da. Dalili kuwa shi ne ba su yi lissafi ba. Yawan abincin da ya kamata mutum ya ci don ya rage ƙiba, ta kuma tafi ba ta dawo ba, abu ne da ake lissafawa, lissafin kuwa bai fi ƙarfin wanda ya iya tarawa da ɗebewa da sau ba.

MENE NE KALORI?

Kamar yadda ake auna hatsi da mudu, ake auna yadi da kamu, haka ake auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da wani awo da ake kira kalori. Kalori ɗaya, irin wanda ake rubutawa a jikin gwangwanin abinci, shi ne yawan zafin da zai ƙara ɗumin ruwa lita ɗaya da digiri ɗaya. Wani masani Ba'amurke, Wilbur Atwater, shi ya yi fice wajen auna wannan tun wajen 1896, har yau kuma da awonsa ake aiki: giram ɗaya na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, giram ɗaya na furotin, watau abin da ke gina jiki a nama da wake da ƙwai, shi ma 4, amma giram ɗaya na mai ko kitse yana ba da 9. A riƙe wannan 9 ɗin, za mu dawo kanta.

Jiki kamar baitulmali yake. Abin da ya shiga in ya fi abin da ya fita, sai a ajiye rarar, ajiyar kuwa ita ce kitse. In abin da ya fita ya fi yawa, tilas a taɓa ajiya.

WA YA KAMATA YA RAGE?

Kafin mutum ya taɓa abincinsa, ya fara tabbatarwa yana da abin ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da awo mai sauƙi. Ka auna tsawonka da mita, ka yi sau ɗinsa da kansa, sa'an nan ka raba nauyinka na kilo da abin da ka samu. In amsar ta kama daga 18.5 zuwa ƙasa da 25, nauyinka daidai ne. Daga 25 nauyi ya soma yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce sosai. Akwai kuma awon da ba ya bukatar sikeli: ka zagaya ƙugunka da igiya daidai saman cibiya, in tsawon igiyar ya kai rabin tsawonka ko ya wuce, to, kitsen ciki ya soma taruwa, shi ne kuwa ya fi haɗari.

LISSAFIN BUKATAR JIKI

Sau da yawa za ka ji an ce namiji yana bukatar kalori 2,500 a yini, mace 2,000. Wannan matsakaicin awo ne na jama'a, kamar a ce a ɗinka wa 'yan aji duka riga da awon yaro ɗaya. Dogo da gajere, saurayi da dattijo, manomi da akawu, kowa da tasa bukata.

A 1990 waɗansu masana a Amurka, Mifflin da St Jeor da abokan aikinsu, suka fitar da hanyar gane abin da jiki ke ci ko da mutum ya wuni kwance, domin numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki duk suna cin ƙarfi. Ga yadda take. Nauyinka na kilo sau 10. Ka tara da tsawonka na santimita sau 6.25. Ka ɗebe shekarunka sau 5. In namiji ne ka ƙara 5, in mace ce ka ɗebe 161.

Mu ɗauki misali da akawu mai shekara 45, nauyinsa kilo 90, tsawonsa santimita 170. A awon Hukumar Lafiya ya kai 31, watau ƙiba ta kama shi. Lissafinsa: 900 a tara da 1,062, a ɗebe 225, a ƙara 5, ya zama kimanin 1,740. Tun da yake ba kwance yake wuni ba, yana ɗan kai da kawowa tsakanin gida da ofis da kasuwa, sai a yi sau da 1.4, a sami kimanin 2,440. Wannan shi ne abin da in ya ci, nauyinsa zai tsaya inda yake. Malama mai shekara 40, kilo 80, tsawo santimita 160, tata bukatar ta wannan hanya ta kama wajen 2,000. Mai aikin ƙarfi kuwa, irin manomi da damina, tasa ta fi haka nesa.

Wannan lissafi kintace ne mai kyau, yana iya sauka ko hawa kaɗan bisa ga jikin mutum. Sikeli ne zai gyara shi daga baya.

NAWA ZA A RAGE?

Shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce a rage kalori 500 zuwa 600 daga bukatar yini. Akawun nan sai ya tsaya wajen 1,900, malamar kuma wajen 1,500. Da haka ake sauke kimanin rabin kilo a mako a farkon tafiya. Suna kuma gargaɗin kada mace ta sauka ƙasa da 1,200, namiji ƙasa da 1,500, sai da sanin likita. Abincin da bai kai 800 ba kuwa magani ne na asibiti, na ɗan lokaci, ba a yinsa da ka.

Mai gaggawa zai ce, in 500 tana sauke rabin kilo, me zai hana in rage 1,500 in gama da wuri? An riga an gwada, ga kuwa abin da aka gani. A 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya tara samari 36 masu lafiya waɗanda suka ba da kansu, don a gane yadda za a farfaɗo da mutanen Turai da yunwar yaƙi ta galabaitar. Aka yanke abincinsu daga wajen kalori 3,200 zuwa wajen 1,570 har mako 24, suna kuma tafiyar ƙasa ta kilomita 35 kowane mako. Suka rasa kimanin rubu'in nauyinsu, tsoka da kitse duka. Ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya sauka da wajen kashi 40 cikin 100. Sanyi ya dame su, fushi da baƙin ciki suka kama su, ba su da zance sai na abinci. Da aka sakar musu akushi, suka yi ta ci ba ƙoshi, har kitsen da suka tara ya wuce wanda suka fara da shi.

A lura da abu ɗaya a nan. Kalori 1,570 da ya zama yunwa ga samarin nan ya ɗara abin da muka yanka wa malamarmu, ita kuwa ba zai cuce ta ba. Bambancin shi ne su rabin bukatarsu aka ɗebe, ita kuwa rubu'i. Saboda haka kada kowa ya ari adadin wani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

JIKI YANA SAKE LISSAFI

A 1958 wani likita, Max Wishnofsky, ya ƙiyasta cewa kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Mutane suka daɗe suna lissafi da wannan kai tsaye: in ka rage 500 kullum, a shekara za ka sauke wajen kilo 24. Amma a 2011 Kevin Hall da abokan aikinsa suka nuna abin bai kai haka ba, domin jiki yana rage abin da yake ƙonawa yayin da yake raguwa. Ƙiyasinsu ga babban mutum mai ƙiba shi ne, kowane kalori 24 da aka rage a yini, aka kuma dawwama a kai, zai sauke kilo ɗaya daga ƙarshe. Rabin wannan yana zuwa cikin shekara guda, kusan dukansa kuwa sai an yi wajen shekara uku. Watau mai rage 500 ya sa ran wajen kilo 10 a shekarar fari.

Mu koma ga akawunmu. Ran da ya sauka zuwa kilo 80, bukatarsa ta koma wajen 2,300. In yana nan a kan 1,900, gibin ya ƙanƙance, saukar sai ta yi sanyi. Nan ne da yawa ke karaya su ce abin ya daina aiki, alhali kuwa haka tafiyar take. Abin da ya fi wannan muhimmanci: in ya koma cin 2,440 na da, nauyin da zai dawo sannu a hankali, domin abincin mai kilo 90 ke nan. Don haka adadin da ya kamata mutum ya zaɓa shi ne wanda zai iya zama da shi shekara da shekaru, yana aikinsa, yana barcinsa, ba ya faɗa da iyalinsa saboda yunwa.

Kada kuma a raina kaɗan. Wani babban gwaji da aka bayyana a Amurka a 2002, a kan mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, ya nuna waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba.

INDA KALORI KE ƁUYA

To, ina za a samo 500 ɗin nan? Mu dawo kan 9 ɗin da muka ce a riƙe. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja ko man shanu yana da kalori wajen 100 zuwa 120. Cokalin shayi na sukari 16. Kwalbar lemo mai zaƙi wajen 140. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, giram 30, wajen 170. Garin dawa ko gero ko masara, giram 100 kafin a tuƙa, wajen 360.

Mai shan shayi kofi uku a yini, kowanne da sukari cokali uku, in ya koma cokali ɗaya ɗaya ya rage kusan 100. Ya bar kwalbar lemo ya sha ruwa, 140. A rage babban cokali biyu na man gyaɗa daga rabonsa na miya da suya, 240. Jimla 480 ke nan, bai ko taɓa tuwonsa ba. In ya rage rabin malmala ya cika gurbinta da kwaɗon zogale ko rama ko alayyafo, ba tare da tula mai ba, ya wuce adadin. Wake da kifi da ƙwai da nono da nama marar kitse kuwa kada a yanke su, su ne ke riƙe tsoka, suna kuma sa a daɗe ba a ji yunwa ba.

Tun da yake ludayin mai a hannun uwargida yake, wajibi ne maigida ya zauna da ita su fahimci juna, kada ta ɗauka raina girkinta aka yi. Rage mai da sukari alheri ne ga gidan duka.

Tafiyar ƙasa da sauri ta rabin sa'a tana ƙona wajen kalori 150 ga mai kilo 90, watau kwalbar lemo ɗaya ta kusa shafe ta. Duk da haka kada a bar ta, domin tana gyara zuciya, tana kuma taimakawa ƙwarai wajen hana ƙiba dawowa. Wanda ofishinsa ko makarantarsa ba ta da nisa ya ajiye babur ya taka.

YADDA ZA A BI SAWU

Ka sami ɗan littafi ka rubuta duk abin da ka ci har kwana bakwai, har da tsiren yamma da abin da aka miƙo maka a gidan suna, domin abin da ba a rubuta ba shi ake mantawa. Ka hau sikeli ɗaya sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo. Kada saukar makon fari ta ruɗe ka, yawancinta ruwa ne. Bayan wata guda ka duba. In ka sauke kilo ɗaya zuwa uku, kana kan hanya. In ba abin da ya motsa, ka ƙara rage 100 ko 200. In kuwa kana sauke fiye da kilo ɗaya kowane mako, ko jiri da kasala sun hana ka aiki, ka ƙara abinci.

Wannan lissafi na manya ne masu lafiya. Mai ciki, da mai shayarwa, da yara da 'yan makaranta masu tasowa, da mai shan maganin ciwon sukari ko mai ciwon ƙoda, kada su rage abinci sai likita ya tsara musu. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya rage komai ba, ya hanzarta zuwa asibiti, wannan alamar wani ciwo ce.

Ƙibar da ta yi shekara 10 tana taruwa, ba laifi in ta yi shekara biyu tana sauka. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.