Ruwan da Ido Ya Yarda da Shi



Tun da sassafe a Ƙofar Sauri, 'yan ga-ruwa sun yi layi a bakin rijiyar burtsatse, kowa da kurarsa. Ranar da ruwan madatsar Ajiwa bai zo famfo ba, su ne madogarar gidaje da yawa. Uwargida ta leƙa jarka ta ga ruwa garau, ta kurɓa ta ji ba ɗaci ba wari, sai ta ce a juye a randa.

Haka mutanen Bangaladash suka yarda da nasu. A shekarun 1970 ruwan kududdufi da na kogi na kashe musu yara da gudawa da kwalara, sai gwamnati da UNICEF suka dage da haƙa rijiyoyin tuƙa-tuƙa, jama'a ma suka haƙa nasu, har suka kai miliyoyi. Mutuwar yara ta ragu. Sai a 1993 aka tabbatar akwai gubar arsenik a ruwan, daga cikin ƙasar take narkewa. Ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, tafasa ruwa ba ya fitar da ita. A 2000, mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta mutum miliyan 35 zuwa 77 na cikin haɗari.

Gubar ba ta gaggawa. Sai an shekara da shekaru ana sha, sannan baƙaƙen tabo su feso a ƙirji, tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, daga baya ciwon daji ya kama fata ko huhu ko mafitsara. Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da mata suka shiga. Maƙwabta suka ɗauka kuturta ce. Aka daina cin abinci da su, 'yan mata suka rasa manema, wasu matan aure aka mayar da su gidan iyayensu, alhali mijin da ya yi korar daga rijiya ɗaya suke sha. Da aka fara gwaji, sai aka riƙa shafa wa rijiya mai guba jan fenti, mai kyau kuma kore. To amma in koriyar tana gidan mai hali, ko tana da nisa, ina talaka zai nufa? Da yawa sun koma wa jar.

Kada a ce nesa ne. Nan Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, rijiyar burtsatsen da ke ba gari ruwa ta zo da sinadarin fulorayid fiye da kima. Yara suka taso a kansa, haƙora suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe, kafin a gane daga ruwa ne.

Ma'aunin ruwan sha na Najeriya bai yarda arsenik ya wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ba, ido da harshe kuwa ba sa gane wannan, sai ɗakin gwaji. Don haka duk mai rijiyar da ke sayar wa unguwa ruwa, ya kai shi a auna, ya liƙa takardar sakamakon a jikin tanki. Masallacin da ya samu rijiyar sadaka ma haka. Masu unguwanni su nemi ganin takardar a madadin jama'a, domin ɗan ga-ruwa ba shi da bakin tambaya, shi ma daga jarkar nan yake sha.