Ko Kun Sani? Dalilin da Bindiga Ke Kuskuren Saiti

Maharban karkarar Kankia da Kusada sun daɗe da sanin cewa bindigar toka ba ta harbi iri ɗaya sau biyu. Ta baki ake ɗura ta, kuma da ido maharbi ke auna albarushi. In awon ya bambanta da na jiya, ko albarushin ya sha danshin damina, gudun harsashi ya canza, inda zai faɗa ma ya canza. Ga shi cikin bututunta sumul yake, babu abin da zai daidaita tafiyar harsashin. Shi ya sa gwanin maharbi ke laɓaɓawa har ya matso kusa da nama kafin ya ja kunama.

Bindigogin da sojojin Ingila suka zo da su Kano da Sakkwato a 1903 suna da zane mai murɗewa a cikin bututu, wanda ke juya harsashi kamar katantanwa, ya tafi sak har nesa.

Amma zanen ma yana cinyewa. Zafin albarushi ne ke fara ƙona gindin bututun, daidai inda harsashi ke tashi. Masu gasar harbin nesa a Amurka da Turai kan auna albarushin kowane harsashi a kan ƙaramin sikeli, kuma da yawansu kan sauya bututu bayan harbi 'yan dubbai kacal, alhali daga waje yana ƙyalli kamar sabo.