Bahaushe da Adawar Ƙwallo a Ƙasar Masu Ƙwallon

Abin da ke fara ba ɗan Arewa mamaki in karatu ko aiki ya kai shi Ingila shi ne, wasan da yake kallo da 'yan canji a gidan kallon unguwarsu, a nan ya fi ƙarfinsa. Tun shekarun 1960 akwai ƙa'idar da ta hana nuna ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar, daga 2:45 zuwa 5:15 na yamma, don kada ƙananan kulob su rasa 'yan kallo. Shugaban Burnley na lokacin, Bob Lord, shi ake dangantawa da ita. Saboda haka wanda ke Fagge, kan benci, janareta na ruri a bayansa, yana ganin an zura ƙwallo a raga, yayansa da ke Landan kuwa sai dai ya ji a rediyo ko ya jira a turo masa labari daga gida. Filin Emirates na Arsenal yana cin mutum dubu 60 da 'yan kai, amma tikitinsa sai mai rajista da kulob, kuma da tsada.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban abin shi ne adawar kanta.

Mu dai son kulob ya zo mana ne ta hannun 'yan wasa. Arsenal ta yi kasuwa a Najeriya saboda Nwankwo Kanu, wanda ya je can a 1999, kuma a shekarar ya zuba wa Chelsea uku rigis a Stamford Bridge bayan an ci Arsenal biyu. Chelsea ta samu nata rabon da Mikel Obi, haifaffen Jos, ya sa hannu a 2006 bayan doguwar ja-in-ja da Manchester United. Ko Leicester ta samu masoya a Kano da ta ɗauki Ahmed Musa a 2016. Shi ya sa musunmu a teburin mai shayi ya fi kama da wasan Kanawa da Zage-zagi: a yi maka ba'a har ka rasa bakin magana, sannan wanda ya tsokane ka ya biya kuɗin shayinka. Akan ba hamata iska jifa-jifa, gaskiya ne, amma ba gaba ce ta gado ba.

A can kuwa gado ce. Ɗan Arsenal na Kano ya ɗauka United ce babbar abokiyar gabarsa. Ɗan Arsenal na arewacin Landan Tottenham yake ƙi. Tushen abin 1913 ne, da Arsenal ta taso daga Woolwich ta tare a Highbury, kusa da maƙwabtan da ba su gayyace ta ba, sannan a 1919 aka zaɓe ta zuwa rukunin farko aka bar Tottenham a ƙasa. Da Sol Campbell ya tsallaka daga Tottenham zuwa Arsenal a 2001, maci amana suka kira shi, har yau wasu ba su yafe ba. Liverpool da Manchester kuma tun kafin ƙwallo suke takun-saƙa kan kasuwanci, musamman da aka buɗe mashigin jiragen ruwa na Manchester a 1894, fatake suka daina dogara da tashar Liverpool. A Glasgow, Celtic da Rangers, har addini ya shigo ciki.

Don haka baƙo ya kiyaye. A filin wasa an raba magoya baya, masu tsaro a tsakani, kuma wanda ya yi tsallen murna a ɓangaren masu gida alhali baƙi ne suka ci, waje za a yi da shi. Wasu mashayun ma ba sa barin mai jesin wani kulob ya shiga ranar wasa. A ganina an fi mu tsari, amma mun fi su jin daɗin abin.

'Yan Arewan da kasuwanci ya kai Guangzhou ta ƙasar Sin kuma agogo ne ke wahalar da su. Awa bakwai suke gaban Najeriya, don haka wasan Zakarun Turai da ake take shi ƙarfe tara na dare a Kano, su ƙarfe huɗu na asuba ne. Ɗan kasuwa ya kalla a waya, ya yi sallah, ya nufi kasuwa ido jajur, tsokanar da ya tura wa abokansa a WhatsApp kuwa sai sun farka za su rama.