Kyanwar da Ke Kuka a Zaure, Wataƙila Ana Cigiyarta

A watan Satumban 2011 wani mutum ya tsinci kyanwa a wani titi na birnin New York, ya kai ta gidan kula da dabbobi. Da aka goga mata na'ura a ƙeya sai lamba ta fito. Ashe sunanta Willow, masu ita kuwa suna can jihar Colorado, nisan sama da kilomita 2,500, kuma shekara biyar ke nan rabonsu da ita.

Abin da ya mayar da ita gida bai wuce girman ƙwayar shinkafa ba. Likitan dabbobi ne ke cusa shi da allura a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu. Ba ya aiki da batir, ba ya nuna inda dabba take. Lamba kawai yake ɗauke da ita, wadda aka rubuta a rajista tare da adireshin mai dabbar. A Ingila tun daga 10 ga Yunin 2024 doka ta wajabta saka wa kyanwa wannan abu, wanda ya ƙi yana iya biyan tarar da ta kai fam 500.

A Kano ko Maraɗi da wuya a gamu da mage mai irin wannan lamba, amma akwai cigiya. In akuya ta ɓata a sanar a masallaci, a leƙa gidan mai unguwa, wani har gidan rediyo. Kyanwa ce ba a cika yi wa wannan gata ba, duk da ita ke hana ɓeraye ɓarna a ɗakin hatsi. Sai dai jifa daga yara, musamman in baƙa ce, don an riga an laƙaba mata maita ba gaira ba dalili.

Alhali sau da yawa tana nan kusa. Wani bincike da aka buga a 2018 kan kyanwoyi sama da 1,000 da suka ɓata ya nuna kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gano ba su wuce mita 500 daga inda suka sulale ba. Kyanwar da ta firgita ba ta yin nisa, maƙalewa take yi ta yi tsit. Mai nema ya duƙa ya haska kwalbati, ƙarƙashin mota, bayan tarin itace da kangon maƙwabta, ya fi kyau bayan isha'i lokacin da unguwa ta lafa. Hotonta a zauren WhatsApp na unguwa ma yana taimakawa.

Wanda ya tsinta kuma ya yi hattara, don tausayi cikin rashin sani kan yi kisa. Madarar shanu na sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, albasa na lalata musu jini, ƙwayar farasitamol guda na iya hallaka su. Ruwa mai tsabta da ɗan dafaffen kifi da aka zare wa ƙaya sun isa. Jariran da aka gani su kaɗai a lungu, a dakata tukuna, galibi uwar ta fita neman abinci ne.

Kada a cafke ta da hannu, a jawo ta da abinci cikin kwali. In ta yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti, domin kyanwa ma na iya ɗaukar ciwon haukan kare. Duk wanda ya zo ya ce tasa ce, a tambaye shi launinta da wata alama a jikinta kafin a fito masa da ita.